Matan Sarakunan Japan

Greensboro, 9 ga Afrilu, 2006

Yaya Jimmai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya shirin bikin autanmu Zubair?

Mu nan lafiya lau, kada ki damu. Aikina ba wuya: wani tsohon malamin tarihi nake kula da shi a unguwar Irving Park. Ba ya gani sosai, ni nake karanta masa littafin da ya rubuta kan wata masarauta a Japan da sarakunanta goma sha ɗaya.

Yaya, ki ji al'adarsu. Dole kowane sarki ya yi shekara ɗaya a ƙasarsa, ɗaya a babban birni, amma matarsa da magajinsa ba sa barin birnin, don kada ya yi tawaye. Har shingaye aka kafa a hanya, ana tare matan da ke son fita. Da na karanto wannan wurin sai na dakata, na ce masa mura ce.

Baban Yasmina zai zo bikin, shi takardunsa na zama a ƙasar nan sun fito. Nawa shiru, shekara bakwai ke nan. In na fita ba ni ba dawowa, ga Yasmina a makaranta. Ki lallaɓa Inna. Ki ba Baban Yasmina daddawa ya taho min da ita, Allah ya bar zumunci.

Na tambayi tsohon sunayen matan sarakunan nan. Ya ce yawancinsu ba a rubuta ba, 'yar wane kawai ake cewa.

Ranar biki, in ana ambaton 'ya'yan Inna, ki faɗi sunana da ƙarfi.

Ƙanwarki,
Mounira