Kwandon da Mati Direba Ya Kai Malumfashi

Maska, ran Lahadi

Yaya Zakiyya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kakarmu Tsohuwa na gaishe ki.

Mati direba ya kawo takardarki. Wai ran Alhamis malaminku na kwaleji zai zo ya ga yadda kike koyar da 'yan aji, don haka in tara miki dabbobi masu ƙafa huɗu. Na gani. Amma kin lissafa har da kaza da maciji. Yaya, na kama kazar Tsohuwa na ƙirga sau uku, biyu ne. Macijin kuwa ban tsaya ƙirgawa ba. Wannan ne karatun da kika shekara uku kina yi a Zariya? Ni da allo kawai na sani, na fi ki lissafi.

Na samo kwaɗo a fadama, jan gwada a katangar masallaci, kunkuru a gonar masarar maƙwabcinmu Buba.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Mus'ab

Malumfashi, ran Litinin

Mus'ab,

Bayan gaisuwa. Fiffiken kaza hannu ne. In ka ci nama ka dubi ƙashin, irin jerin na hannunka ne. Kakannin maciji ma da ƙafafunsu, daga baya suka rasa. Amma KADA ka aiko maciji.

Ka aiko su matattu, busassu, yadda zan ɗora a tebur. Ba wasa nake ba. In na faɗi wannan gwajin sai na maimaita shekara guda.

Yayarka,
Zakiyya

Maska, ran Laraba

Yaya Malama,

Ina gaisuwa. Na ɗauki dutse zan gama da kwaɗon, sai ga Malam Jibo limaminmu. Ya ce an hana kashe kwaɗo, kukan nan nasa tasbihi ne. To ni wane ne? Da na bar shi kuma sai sauran suka ba ni tausayi, ba kyau a nuna bambanci.

Ga kwando nan a ɗaure wajen Mati. Duk sun yi tsit, ki ɗauka kamar matattu ne. Na ƙara da bushiya da kaza mai hannu biyu. Ba sai kin buɗe ba kafin lokaci, iska na ɓata su.

Naki har kullum,
Mus'ab

Malumfashi, ran Juma'a

Mus'ab, ɗan banza,

Babu gaisuwa. Mati bai iso ba sai da aka shiga aji. Malam Abdussamad, mai ba da makin, shi ya kwance kwandon da hannunsa. Kwaɗon ya faɗa aljihun babbar rigarsa, jan gwadan ya bi ƙafar wandonsa. Dattijo ya haye benci yana salati.

Yara sittin suka bi dabbobi da gudu. Ni kuma na ga ba abin da ya rage, na shiga yi musu tambaya: wannan me ya sa fatarsa ke jiƙe? Wancan ƙwai yake yi ko haihuwa? Ummi, wadda ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, ta ware fiffiken kaza ta nuna gwiwar hannu.

Malam ya ce ba zai sauko ba sai an kama bushiyar da ke ƙarƙashin bencinsa. Na miƙa masa biro da takardar maki, na ce sai ya sa hannu tukuna. Ya sa. Na ci.

Zakiyya

Maska, ran Asabar

Yaya,

Barka da arziki. Na karanta wa Tsohuwa takardarki. Ta ce shekara ashirin tana dukana a kan tsiya, ashe babbar ce ya kamata ta fara da ita.

Mus'ab