Abin da Na Sa a Kunun Malam

Gwandu, 9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Safiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigida da yara kuna lafiya, kuma zafin Kalgo bai fi namu ba. Takarda na rubuto don wayarmu ɗaya ce da Malam Lawal, ni kuwa gulmarsa zan yi.

Yaya, mijina ya yi ƙiba! Mutumin da kike tsokana da sillen kara, yanzu da safe fuskarsa cike take, takalminsa ma ya ƙi shiga. Matan unguwa sai tambayata suke me nake dafa masa. Albasa ta yi kyau a fadama, tun asuba yana ban ruwa har la'asar, ko ruwan sha ba ya tunawa da shi. Kin san shi da ƙin ƙwaya, gara ya kwana yana nishin ciwon baya da ya haɗiye ɗaya. Ni ko na san maganin taurin kansa, wata rana zan ba ki labari ki yi dariya. Abu ɗaya ne bai yi mini ba, ya ce fitsarinsa na kumfa kamar an kaɗa omo. Za mu zo asibiti nan wajenku ranar Litinin, a gidanki za mu sauka.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Huseina

Gwandu, 21 ga Maris

Yaya Safiya,

Ina gaisuwa. Mun iso gida lafiya, Allah ya saka da ɗawainiya. Kwana biyu na yi a ɗakinki bakina ya kasa faɗin abin da zan rubuta yanzu.

Kin ji dai ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Likitar ta zana mana a takarda. Ta ce a cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai ƙanana kusan miliyan, ido ba ya ganinsu, su ke tace jini dare da rana, su fitar da datti ta fitsari, su bar abin amfani a jiki. Na Malam sun fara yoyo kamar tsohuwar rariya, abin gina jiki na zubewa, shi ne kumfar nan. Waɗanda suka mutu ba sa dawowa. Sauran, ƙasa da rabi, su ke ɗauke da aikin duka, kuma idan suka gaji sai wankin ƙoda da inji. Sai ta tambaye shi ko yana yawan shan maganin ciwon jiki, irin haɗin gajiyar nan da ake ƙullawa a leda. Ya rantse mata da Allah bai taɓa ba. Ta yi mamaki, ta rubuta wasu gwaje-gwajen.

Gaskiya ya faɗa, Yaya. Ni ce. Shekara huɗu ke nan duk lokacin rani nake daka haɗin nan da bayan cokali in zuba masa a kunun safe, tsamiya ta ɓoye ɗacin. Yakan ce kununa ya fi magani, ni kuma in yi ta jin daɗi. Wallahi tausayinsa ne ya sa ni. A gaban likitar ina tsaye kamar gunki, tsoro ya hana ni magana.

Na zubar da sauran a masai, na ce shi ke nan, asiri ya rufu. Ashe da na daina, ciwon bayan zai dawo masa gaba ɗaya. Jiya mutumin da ba ya shan ƙwaya ya ce in sayo masa haɗin gajiya, ya ji manoma na yabonsa. Na ce kemis a rufe yake. Gobe me zan ce? In na yi shiru zai saya da kansa ya ƙarasa sauran da suka rage masa. In na faɗa, ban san da wane ido zai dube ni ba. Ki yi mini addu'a, ki ƙona takardar nan.

Taki,
Huseina

Gwandu, 30 ga Afrilu

Yayata,

Da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna Laraba? Na ga amsarki. Kin yi mini faɗa, kuma na cancanta.

Tun kafin amsar taki ta iso na faɗa masa. Na same shi yana sa hula zai tafi kemis, na tsaya a bakin ƙofa na kwashe komai na gaya masa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya cire hular ya zauna, kwana uku daga gaisuwa ba ya ƙara kome. Da muka koma asibiti, shi ya nuna ni ya ce in maimaita wa likita. Ba ta tsawata mini ba. Ta ce zafin rana da ƙarancin shan ruwa da hawan jinin da ba mu san da shi ba duk sun taimaka, amma maganin ya yi ɓarna sosai. Ta ba shi na hawan jini da wani na ciwo da ba ya cutar da ƙoda, ta hana gishiri mai yawa da kanwa. Gwajin makon jiya ya nuna sauran matatan na riƙe, ba su ƙara raguwa ba. Fadama kuwa ya bar wa ƙanensa Abdulrasheed, rana ta fi ƙarfinsa yanzu.

Ranar Juma'a 'yan'uwansa suka zo daga Malisa, suka cika zaure, suna son jin wanda ya yi masa wannan abu, har wasu na zancen sammu. Ina bayan labule da butar shayi. Sai na ji Malam ya gaya musu shi ne ya yi shekara huɗu yana shan haɗin gajiya a ɓoye, ganganci ne nasa, kada wanda ya zargi kowa. Shekara ashirin da shida muna tare, Yaya, ban taɓa jin ƙarya a bakin mutumin nan ba. Ta farko saboda ni ya yi ta. Na shiga na zuba musu shayi, har yayarsa na yi mini sannu da jinya.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Huseina