Rimot Ɗin Mota da Gangar Ɓarawo a Kasuwar Tegalranti

Daga: Rusminah, matar Darmaji,
Ƙauyen Gondoarum, Gundumar Tegalranti.

Litinin, 18 ga Satumba, 2023

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Gundumar Tegalranti,
Pak Suharjono Wignyo.

Game da: Dukan da aka yi wa mijina a wurin fakin na kasuwa saboda rimot ɗin motarsa ya ƙi aiki, da sunan ɓarawo da aka laƙaba masa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan ofishinka, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin mijina, Pak Darmaji, manomin taba. Shi ya kamata ya rubuta, amma hannunsa na dama yana ɗaure, yatsu uku a karye. Ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna.

1. Ranar Laraba, 6 ga Satumba, ranar Kliwon, wato ranar cin kasuwa mai zagayowa duk kwana biyar, muka sauko kasuwar Tegalranti da hantsi a motarmu. Mun saye ta bara, bayan taba ta yi kyau, kuma takardunta suna ɗauke da sunan mijina. Daga rumfar shanya taba ya taho, da zanen aiki da silifas, hannayensa baƙi ƙirin da ƙaron ganye kamar na kowane manomi a wannan wata. Na ambaci shigarsa ne domin na fahimci a wannan kasuwa ana duba takalmin mutum kafin a yarda yana da mota.

2. Da muka gama sayayya, na tsaya a rumfar busasshen kifi da ke bakin wurin fakin, shi kuma ya wuce ya buɗe mota. Ya danna rimot, shiru. Ya matsa kusa ya sake dannawa, shiru. Ina hango shi yana buga rimot a tafin hannu, yana ɗaga shi sama, yana kara shi a haɓa kamar yadda wani direba ya taɓa koya masa. Har dariya na yi masa daga nesa, Allah Ya yafe mini. Daga nan ya je wurin dattijo Mbah Jumirin mai gyaran agogo, aka sa masa sabon batir, ya dawo ya danna, motar ko ƙyafta fitila ba ta yi ba. Sai ya tuna da ƙaramin makullin ƙarfe da ke ɓoye a cikin rimot, ya zaro shi, ya ɓamɓare murfin da ke hannun ƙofa, ya sa ya murɗa. Haka dillali ya nuna masa ranar da muka ɗauki motar. Abin da dillalin bai gaya masa ba shi ne, motar da aka kulle da rimot, in aka buɗe ta da makulli, ihu take sawa.

3. Motar ta ɗauki jiniya. Mijina ya shiga da sauri yana kara rimot a jikin maɓallin tayarwa don ta yi shiru. A wannan hali ne Sarwoto, shugaban 'yan fakin, ya hango manomi da zane a cikin mota mai kuka. Bai tambaye shi komai ba, bai nemi takarda ba. Ya hura usur, ya ruga wurin kentongan, gangar itacen da ke rataye a ƙofar ofishin kasuwa, ya buga kiɗan ɓarawo. Ranka ya daɗe, ka san abin da wannan kiɗa yake yi wa mutanenmu. Mahauci ya bar nama, mai kabu-kabu ya bar babur.

4. Ta ƙafa suka jawo shi, ƙeyarsa ta bugi bakin ƙofa kafin ta bugi ƙasa. Aka rufe shi da gora, da hular kwano, da kujerar mai sayar da miyar bakso. Yana kiran su Mas cikin ladabi, yana cewa, "Motata ce, Mas, takardu na ciki, ku buɗe akwatin gaba!" Sarwoto ya ce masa, "Motarka? Kai da ko takalmi ba ka da shi? To tashi ka tuƙa mu gani, uban 'yan sata!" Sannan ya taka hannun da ke riƙe da rimot, ya juya dunduniya a kai kamar mai kashe guntun sigari. Na ji ƙarar yatsun, duk da kukan motar. Wani yana ihu a kawo fetur. Na ga fuskarsa, kuma zan gane shi ko a kabari.

5. An rubuta a rahoton kasuwa cewa wata mata ta jikkata jami'in fakin. Don kada a wahalar da ma'aikata da bincike, ni ce matar. Na ɗauki ƙarfen sikelin mai kifi na kutsa cikin taron, na kafta wa Sarwoto a baki, haƙoransa biyu suka zube. Na kwanta a kan mijina ina kiran sunan ƙauyenmu da sunan mahaifinsa, har Mbah Jumirin ya iso yana haki yana cewa, "Kai, ku bari, 'yan banza! Yanzun nan na sa masa batir!" Ina baƙin ciki da abu ɗaya a wannan batu, wato ƙarfen ƙarami ne.

6. Ana ɗauke da mijina zuwa asibiti, jini yana fita ta kunnensa, shugaban kasuwa Pak Hartoyo ya sa aka yi shela a lasifika cewa an kama ɓarawon mota, jama'a su kwantar da hankali, kuma ya gode wa 'yan fakin. Kafin Azahar hoton mijina a kwance cikin kwata ya zaga wayoyin gunduma gaba ɗaya.

7. Dangane da rimot ɗin: na tsinto shi a cikin kwata, kuma ranar 8 ga Satumba na kai wa makanike a garinmu. Ya buɗe shi a gabana. Mijina a aljihu ɗaya yake ajiye shi da tabar da yake naɗawa, sai garin taba da gumi suka shige ciki suka yi tsatsa a ƙarfen da ke taɓa batir. Makaniken ya goge wurin da tsohon buroshin haƙori, ya mayar da batirin Mbah Jumirin, ya rufe. Iyakar ciwon ke nan. Na tafi harabar 'yan sanda inda aka ajiye motar a matsayin kayan sata, na tsaya daga bakin ƙofa na danna. Ta ƙyafta fitila ta buɗe. Jami'in da ke wurin ya duba takardu, ya sosa ƙeya, ya sakar mini motar, ya ce mini, "To ai shi ke nan, Bu, an samu kuskure ne."

8. Ranar 12 ga Satumba Pak Hartoyo ya zo gidanmu da kwandon lemo da takardar sulhu, yana so mu sa hannu a bar magana. Ya ce in muka yafe yatsu, Sarwoto zai yafe haƙora. Na nemi ya koma lasifikar da ya yi shela da ita ya faɗi gaskiya. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Bu, ai sai mutuncin kasuwa ya zube." Na mayar masa da lemonsa ta taga, ɗaya bayan ɗaya, kuma ina jin wasu sun same shi.

9. Ranka ya daɗe, yatsu za su haɗe ko su ƙi, wannan na Allah ne da likita. Sunan ne yake ci mini rai. Mai sayen tabarmu na shekara da shekaru ya daina ɗaga waya. Maƙwabta suna zuwa dubiya, amma ina ganin yadda suke leƙen motar a tsakar gida. Kuma mijina shi ne yake buga kentongan na masallacinmu kafin kiran salla tun yana saurayi. Shekaranjiya wani ya buga a madadinsa da La'asar, sai na tarar da mijina a bayan buhunan taba, ya dunƙule, ya rufe kai da hannun mai lafiya, yana cewa, "Motata ce, Mas." Mutum mai jikoki. Na zauna kusa da shi har aka idar da salla.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon mai girma Shugaba:

Na farko, a umarci Pak Hartoyo ya yi shela da bakinsa, a wannan lasifika, a ranar Kliwon mai zuwa, Alhamis 21 ga Satumba, lokacin da kasuwa ta cika, cewa Darmaji na Gondoarum ba ɓarawo ba ne, motarsa ya buɗe da makullinsa.

Na biyu, a gurfanar da Sarwoto da mai neman fetur a gaban shari'a. In har za a kira ni kan haƙoran, a shirye nake, da ƙafata zan zo.

Na uku, a ƙwace sandar kentongan daga hannun 'yan fakin.

A ranar Alhamis zan kasance a wurin fakin tun da safe, a tsaye kusa da motarmu, da rimot a hannu, ina sauraren lasifika. Na mayar wa mai kifi ƙarfen sikelinta, na kuma ba ta haƙuri. Amma don cikar bayani, ina sanar da ofishinka cewa muna da namu na awon taba a gida, ya fi nata nauyi nesa ba kusa ba, kuma yana shiga jakata. Ina da yaƙinin adalcin mai girma Shugaba zai sa in bar shi a gida.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya kuma ba ka ikon yin gaskiya.

Taka mai biyayya,

Rusminah
Matar Darmaji, mai motar