Tulun da Hajo ba ta fasa ba

Zuwa ga autana Mamman a Damagaram, gaisuwa mai yawa. Yaya iyali? Nan Tasawa kowa lafiya, sai ƙafar babanka. Ka yi haƙuri da rubutuna, da tsufa na koya.

Kafin ku tafi na doki ɗiyarka Hajo kan tulun da ya fashe, ban saurare ta ba. Jiya maƙwabciya ta ce akuyarta ce ta fasa shi. Na tuna Annabi Dawuda, yana sarki, ya yanke hukunci da jin bakin mutum guda, sai ya faɗi yana neman gafara. Ka gaya wa jikokina wannan.

A gaida kowa, a sa mu addu'a. Ka tambayi Hajo ko ta yafe mini, amsa ta iso kafin watan azumi. Ba ni son in ɗauke shi da hakkinta a kaina.