Bakwai Sau Shida

Auta,

Ƙarya kika yi mini jiya da kika ce kin gama aikin kemistiri. Na buɗe littafinki kina barci. Tambaya shida kan pH, wato ma'aunin tsami, na ruwan gishiri iri-iri, kin zuba musu bakwai duka, ko layin lissafi ɗaya babu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ban yi sakandare ba, amma na karanta babin sau biyu. Bakwai na ruwan da ba ya cin komai ne. Tambaya ta huɗu kuwa sodar wanki ce, wadda na shekara ashirin ina jiƙa kayan mutane da ita. Dubi hannuwana in na dawo, ki gaya mini ko ruwan banza ne ya cinye su.

Jarrabawarki jibi ce, ba za ki faɗi ina kallo ba. Ki duba abubuwa biyun da suka haɗu suka ba da kowane gishiri, wanne ne mai ƙarfi, wanne mai rauni, sannan ki lissafa. Na naɗe miki shafin misalin.

Na tafi shago. Wayarki tana aljihuna, kuma nan za ta zauna sai na ga lissafi shida.

Babanki