Matakala Sittin da Biyu

Iskandariyya, 4 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Ibtisam,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana wanda har yau a waya kawai na san fuskarsa. Ya zafin Dubai, ya kuma reno?

Kin ga na koma takarda kamar mutanen da. Idan na kira ki, babanki yana kwance amma kunnensa na kaina, ba na iya cewa komai sai "da sauƙi". Bakinsa ya dawo, har ya fara faɗa, ƙafar hagu ce ta ƙi. Likita ya ce asibiti sun yi nasu, yanzu sai a samo mai horarwa ya riƙa zuwa gida kullum. Ya ce watanni shidan farko bayan shanyewar ɓarin jiki su suka fi muhimmanci, kuma biyu sun riga sun wuce.

Ki duba fa, mutumin da ya yi shekara arba'in yana koya wa samarin unguwar Bahari ɗaga ƙarfe, wanda masu kifi ke miƙewa su ce "Kyaftin Shaukat" kamar yadda ake kiran masu horarwa a nan, shi za a nemo wa mai ce masa ɗaga ƙafa. Abu ɗaya ya sa ya yarda. Ya rantse ranar da za ki zo da yaron a watan Yuli, da ƙafarsa zai sauka ya tarye ku a ƙofar titi. Ya sa na ƙirga matakalar, sittin da biyu ce.

Mutum biyu na gwada. Na farko Tamer, wani matashi da likitan ya turo, bai taɓa jin sunan babanki ba. Ko shayi bai sha ba ya ce, "Baba, tashi." Babanki ya ɗaga ƙafar sau biyar ya ce ya gaji. Tamer kuwa ya ce, "Ban tambaye ka ba, saura bakwai." Babanki ya yi su, Ibtisam, amma yana yi yana zaginsa, hawaye na zuba. Ni ina kicin na toshe bakina da tawul.

Na biyu Medhat, kin tuna shi, ɗalibinsa mai cinye mana burodi, yanzu yana da gidan motsa jiki nasa na kansa. Da ya ga babanki a gado ya durƙusa ya sumbaci kansa. Ya ce min, "Hajiya, ni ba ɗauko ni aka yi ba, ɗa ne."

Babanki ya ce in zaɓi wanda zan iya jurewa a gidana. Na zaɓi Medhat, don ba zan iya sake ganin hawayen nan ba.

Ki shafa min kan yaron.

Mahaifiyarki,
Nawal

Iskandariyya, 11 ga Mayu

Ibtisam tawa,

Ina gaishe ku duka, da fatan murar yaron ta sake shi. Mu ma alhamdulillahi.

Gidan ya yi daɗi. Medhat yana zuwa bayan la'asar, ba ya zama sai babanki ya ce ya zauna, duk da furfurar da ke gemunsa. Su yi aiki kaɗan, su yi hirar tsoffin gasa da yawa. Babanki har dariya yake yi, yana tsokanarsa wai tumbinsa ya fi ƙarfen da ya taɓa ɗagawa nauyi.

Amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Shekaranjiya ina yanka lalo a kicin, ina jin dirar ƙafar babanki a ƙasa, na bi ta da lissafi ba da niyya ba. Bakwai na ji. Medhat ya ce, "Goma, masha Allah, Kyaftin." Jiya ma haka. Na tare shi a bakin bene na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, mutumin nan shi ya koya min tsayuwa. Da wane baki zan ce masa bai cika ba?"

Na san al'adarsu, ɗalibi ba ya gyara wa kyaftin ɗinsa ko da ya fi shi. Na san ta tun kafin a haife ki, kuma da saninta na zaɓe shi. Na yi shiru, don dariyar babanki ta yi min daɗi. Kada ki yi masa maganar a waya.

Taki,
Nawal

Iskandariyya, 27 ga Yuni

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa da fatan shirin tafiya na tafiya daidai, ga abin da ya kamata ki sani kafin ki taso.

Ashe babanki ya sani tun farko. Ranar Asabar Medhat ya ce goma, sai babanki ya ce, "Bakwai ne. Shekara arba'in ban taɓa yi wa kowa kyautar lissafi ba, kai ma ban yi maka ba. Na jira in ga ranar da za ka tsawata min." Medhat ya fashe da kuka. Babanki ya sa masa albarka, ya ce ya riƙa zuwa shan shayi kawai.

Na nemo Tamer. Bai yi min gori ba. Ya daɗe yana juya ƙafar, sannan ya ce ta sandare, za a samu tafiya a cikin gida da sanda, amma bene ba bana ba, wataƙila ba baɗi ba. Da ya fita babanki ya ce, "Da kin bar min marar kunyar nan tun farko." Da murmushi ya faɗa, ni kuwa da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Tausayina ne ya cinye masa watanninsa, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Jiya da safe babanki ya ce in buɗe ƙofa. Ya riƙe ƙarfen benen ya fara sauka, ina biye da shi, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya tsaya ya tambaye ni nawa. Na ce biyar. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Huɗu ne, Nawal. Ke ma?"

Don haka idan mota ta sauke ku, kada ki tsaya a ƙofar titi kina ɗaga kai. Ki ɗauki yaron ki hau. Za ki same shi a tsaye a matakala ta huɗu daga sama, ya sa an goge masa rigarsa ta kulob ɗin ɗaga ƙarfe. Idan ya faɗa miki nawa ya yi, kada ki ƙara masa ko ɗaya.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifiyarki,
Nawal