Dakta Mu'mina, Mai Ajiyar Teku a Tudun Ƙofa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Malaman Kimiyyar Halittu ta Keffi da Kewaye ta samu labarin rasuwar uwarta kuma tsohuwar shugabarta, Hajiya Dakta Mu'mina Mahfuz, wadda Allah ya karɓi rayuwarta da safiyar Asabar da ta gabata tana da shekara sittin da ɗaya, bayan gajeruwar jinya, aka kuma yi jana'izarta bayan sallar azahar a unguwarsu ta Tudun Ƙofa. Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga yayan marigayiya kuma babban gidansu, Alhaji Ɗan'azumi Mahfuz, da 'yarta tilo, Malama Rumaisa, da sauran dangi da ɗalibai da makwabta baki ɗaya.

Marigayiya ta ƙarar da rabin rayuwar aikinta a kan halittun da ido ba ya gani, wato bairos ɗin da ke cikin ruwan teku, a garin da mai zuwa bakin teku sai ya wuni a mota. Ita ce ta fara sanar da yawancinmu cewa a cikin ƙaramin cokalin shayi na ruwan teku akwai bairos miliyoyi, kuma mafi yawansu babu ruwansu da ɗan Adam, domin bakteriya da sauran ƙananan halittun ruwa suke kamawa. Takan ce idan suka fasa bakteriya, abin da ke cikinta sai ya watsu a ruwa ya zama taki ga ƙananan tsirran da ke yawo a saman teku, waɗanda su ne ke samar da kusan rabin iskar da muke shaƙa. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne, masana sun gano ire-irensu kusan dubu ɗari biyu a tekunan duniya, har a ruwan ƙanƙara na can arewacin duniya, amma a ganinta ba a waiwayi gaɓar tekunmu yadda ya kamata ba. Mai sa hannu a wannan takarda yana cikin waɗanda suka yi mata dariya a lokacin. Mun ce mata ga kogin Antau nan a bakin ƙofa, me ya kai 'yar Keffi teku? Sai ta ce, "Numfashin da kuke dariyar da shi ma daga can aka aiko muku rabinsa."

Da yake babu jirgin ruwa a hannunta, babu kuma mai ba ta, sai ta lura da abin da dukanmu muke gani kullum ba mu taɓa kawo komai a kansa ba, wato motocin kifin ƙanƙara da ke tasowa daga Legas da Fatakwal da Kalaba su sauke kaya a Sabon Gari. Ta je ta samu Madam Keziya Ezra, mai ɗakin sanyin kifi a can, ita kuma ta haɗa ta da direbanta, Malam Julius. Dakta ta koya masa ɗibar ruwa da sirinji, da tace shi, da rufe kwalba, da rubuta wuri da rana da ko ruwa yana cikowa ne ko yana janyewa. Kafin kowace tafiya takan manna wa kwalbar lamba da hannunta, ya dawo da ita a tsakanin katan-katan na kifi. Shekara goma sha bakwai ana haka, har kwalabe suka kai ɗari huɗu da goma sha biyu, kowace da layinta a wani littafi mai baƙin bango. A firizar ɗakinta take ajiye su, domin ta fi yarda da janaretan gidanta da kunnenta a kan kowace irin ajiya. Ɗalibai tara sun rubuta kundin digirinsu daga wannan firiza, ciki har da waɗanda har yau ba su taɓa sa ƙafa a teku ba.

Ya zama wajibi ƙungiya ta yi bayani a kan abin da ya faru ranar jana'iza, tunda maganar ta zagaya gari, kowa da irin yadda yake ƙara mata gishiri. Gida ya cika da masu gaisuwa, ga zafin watan Maris, mata kuma suka yi abin da kowane gidan mutunci yake yi, suka nemi inda za su sanyaya ruwa da zoɓo domin baƙi. Suka buɗe firiza, suka tarar da ƙananan kwalabe jere. Wasu suka ɗauka zamzam ne da Hajiya ta ɓoye tun dawowarta daga Umra, suka fara kwashewa a baho, suka ajiye a tsakar gida da niyyar a raba wa jama'a domin ladan ya je mata. Madam Keziya ce ta shigo gaisuwa bayan la'asar ta ga bahon. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba, ta durƙusa gaban dattijan mata tana cewa, "Iyayena, ku yi haƙuri da ni, wannan ba na sha ba ne, aikin Dakta ne, in ya narke ya mutu." Ta tare keke mai ƙafa uku da kanta, ta kwashe sauran kwalaben a kular ƙanƙara, ta kai su ɗakin sanyinta. Sittin da uku sun riga sun narke a rana, ciki har da ta farko, wadda marigayiya ta ɗibo da hannunta ranar da ta fara ganin teku. Wannan rashi ya yi mana ciwo, ba za mu ɓoye ba.

Mun samu labarin cewa tun daga ranar, Alhaji Ɗan'azumi ya kasa haɗa ido da malaman da ke zuwa gaisuwa, yana cewa a gidansa aka zubar da wahalar ƙanwarsa. Ƙungiya na roƙon Alhaji, da girman Allah, ya sauke wannan nauyi daga ransa, haka ma iyayenmu mata da suka buɗe firizar da kyakkyawar niyya. Idan akwai mai laifi, mu ne. Mun sha shayi a wannan gida ba adadi, mun san abin da ke cikin firizar, amma babu ɗayanmu da ya taɓa zama da iyalinta ya bayyana musu, kuma ranar da ya kamata mu tuna da firizar muna ƙofar gida a kan tabarma muna karɓar gaisuwa. Mai sayar da kifi ce ta tuna, kuma ƙungiya na yi mata godiyar da baki ba zai iya kaiwa ba.

Tsoron da ya rage mana shi ne na littafin nan mai baƙin bango, wanda ba mu san inda yake ba, domin ba tare da shi ba kwalaben da suka tsira ruwan gishiri ne kawai, ba a san daga ina ba, ba a san na yaushe ba. Ranar addu'ar uku, Malam Julius ya iso daga Kalaba, domin yana hanya aka yi rasuwar. Ya shigo zauren da kwalba a cikin ƙanƙara, ɗauke da lamba ɗari huɗu da goma sha uku a rubutun marigayiya, ya tsaya bai san wanda zai miƙa wa ba. Malama Rumaisa ta tashi ta shiga ɗakin mahaifiyarta, ta fito da littafin daga ƙarƙashin dardumar sallarta, ta tambaye shi wuri da rana da yanayin ruwa kamar yadda ta sha jin ana tambayarsa, ta rubuta a layin da ke biye. Da zai tafi ya tambayi shugabanninmu ko wannan ce ta ƙarshe. Ƙungiya ta zauna jiya, kuma ga amsarta a gaban jama'a: Malam Julius, kada ka daina. Kwalba ta ɗari huɗu da goma sha huɗu tana wurin Madam Keziya, an riga an manna mata lamba.

Muna roƙon Allah ya gafarta wa Hajiya Dakta Mu'mina, ya haskaka kabarinta, ya sanya ilimin da ta bari ya zama sadaka mai gudana a gare ta, ya ba Alhaji Ɗan'azumi da Malama Rumaisa da dukan zuri'ar Mahfuz haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Malam Taufiq Akram Gangaren Tudu
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Malaman Kimiyyar Halittu ta Keffi da Kewaye